Anaruwa da Yoyon Injin Ciyawa

A Kukar Bauna, in ka bi ta bayan masallaci ka gangara kamar za ka fadama, gidan ƙarshe kafin ka faɗa gonaki shi ne gidan Inna Yalwa. Ita Innar tsohuwa ce mai faɗa da baki, mai sanyin zuciya. Tana zaune da babban ɗanta Shekarau, wanda saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "wancan". Akwai matarsa Hansai, mace mai barkwanci, wadda ko a gidan makoki sai ta nemo abin dariya. Sai kuma autan gidan, Anaruwa.

Anaruwa ba yaro ba ne. Gemu ya cika masa fuska, buhun masara kuwa a kafaɗa ɗaya yake ɗaukarsa yana gaisawa da mutane da ɗaya hannun. Ba ya ƙiwuya, ba ya ƙarya, ba ya musu, kuma ba ya iya zama wuri guda, sai ka ce an zuba masa ƙaiƙayi a tafin ƙafa. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, a miƙe, ba ta lanƙwasa. Ranar wani biki Inna ta ce masa, "Auta, yau cikin surukai za mu, ka kama kanka." Haka ya wuni da hannu biyu a ka, ko tuwon bikin bai ci ba, don babu hannun da zai ci da shi.

Shi kuwa Shekarau shi ke riƙe da injin yankan ciyawa na gari, wanda 'yan asalin garin mazauna birni suka aiko. Dogon ƙarfe ne, a gindinsa ɗan inji kamar ƙwarya, a bakinsa zaren roba mai juyawa yana tsinke ciyawa, shi ya sa mutanen gari suka laƙaba masa Mai-Bulala. Irin wanda gidan fetur daban ne, gidan baƙin mai daban, ba a gauraya masa su. Duk damina da shi Shekarau ke share hanyar famfon burtsatse, wadda ta ratsa ta tsakiyar fadama. Ba mai son shiga wurin da lauje, domin mai lauje hannunsa a ƙasa yake, kububuwa ma a ƙasa take.

To, a daminar da muke magana, ruwa na sauka Shekarau ya zame da babur ya karye a ƙwauri. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kada ya kuskura ya taka. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Mutumin da bai saba wuni a gida ba, sai ga shi yana juyi, ya kishingiɗa ya tashi, ya yi tsaki ya kalli sama. "Wallahi ina jin ciyawar nan tana tsawo," in ji shi.

Wata rana da hantsi haƙurinsa ya ƙare. Ya ce a fito da Mai-Bulala, ko daga zaune ne ya koya wa Anaruwa aikin. Anaruwa ya ruga ɗakin ajiya, inda injin yake tun ƙarshen daminar bara, ya sungumo shi ya dire gaban tabarma.

"Kafin komai," in ji Shekarau, "kwance wancan murfin ka duba mai."

Ana haka masu dubiya suka yi sallama, hankalin Shekarau ya koma kansu. Anaruwa ya kwance murfi, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya manna ɗayan a bakin ramin. Gwiwa na ciwo, ƙuda na sauka masa a kunne, ƙafafu na roƙonsa ya tashi, amma Yaya ya ce a duba. Masu dubiya suka gama hirarsu suka tafi, rana ta take tsaka.

"Kai, me kake yi har yanzu?"

"Dubawa nake, Yaya."

"To me ka gani?"

"Duhu."

Da ya ɗago, zoben baƙin mai ya kewaye masa ido kamar wanda ya sha naushi. Hansai ta saki taɓarya ta riƙe ciki. Shekarau ya fizge murfin, ya nuna masa ɗan tsinken da ke jikinsa wanda ake tsomawa a ga iyakar mai. Mai na nan daidai. Ya sa Anaruwa ya danne injin, shi kuma ya ja igiya daga zaune, sai ga Mai-Bulala ya tashi da ƙara har kaji suka watse. Murna ba ta je ko'ina ba. Wani baƙin abu ya fara tsattsafowa a jikin injin, ya taru, ya ɗiga a ƙasa, wani ya biyo shi. Shekarau ya kashe injin da sauri.

"Yoyo yake," ya ce. "In aka shiga ciyawa da shi a haka, man zai tsiyaye, injin ya ƙone. Kai shi zaure ka jingine, bari in yi tunani."

Wata rana, washegarin wannan, Shekarau ya tashi da dabara. "Duk abin da ke yoyo yana da mafari," ya ce. "Je ka bi sawun man nan, ka gano min daga inda yake fitowa." Anaruwa ya ji daɗi, ga aikin da ake yi da ƙafa. Ya sunkuya ya fara bin ɗigon da ya zuba jiya, daga rumfa zuwa zaure. Ya wuce injin a jingine bai ko kalle shi ba, don sawu aka ce, sawu kuwa a ƙasa yake. A ƙofar gida ya ga wani ɗigon, ya ɗan fi haske, amma mai ai mai ne. Ya bi shi ta lungun masallaci, ta gindin rimi, ya ture wani mai keke bai ɗago ba, har sawun ya shige gidan Gwoggo Tabawa mai ƙuli-ƙuli, ya tsaya cak a gindin wata jarka mai tsaga. Anaruwa ya leƙa jarkar. Ashe nan man Yaya yake taruwa! Ya rungumi jarka ya fito da gudu.

"Yaya, na gano! Daga gidan Gwoggo Tabawa yake fitowa, ga shi ma na ƙwato mana!"

Bai rufe baki ba Gwoggo Tabawa ta faɗo gidan da muciya a hannu, ɗankwali a kafaɗa. "Ina ƙaton ɓarawon man gyaɗa? Yalwa, fito ki ga abin da kika haifa!" Sai da Inna ta yi ta ba ta baki, Hansai ta raka ta da jarkar har gida, sannan ƙura ta lafa. Anaruwa dai ya kasa gane laifinsa. An ce ya bi, ya bi. An ce ya gano, ya gano.

Wata rana Shekarau ya kira Mati bakanike a waya, abokinsa mai gyaran janareto a garin kasuwa. Mati ya ce ba shi da halin zuwa, rafin da ke tsakaninsu ya cika ya batse, ko babur ba ya ƙetarewa. Shekarau ya buɗe muryar wayar don ya ji da kyau, Anaruwa na tsaye yana sauya ƙafa.

"Abu mai sauƙi ne," in ji Mati. "Ku goge shi tas da tsumma, ku yi masa kwalliya da hoda kamar amarya, sannan ku tashe shi. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan ɓarakar take."

"Ka ji," in ji Shekarau. "Je ka yi yadda ya ce."

Hansai ta shiga maƙwabta aron rariya. Anaruwa ya faɗa ɗakinta ya kwaso kwandon kayan shafa. Ya goge injin, ya baɗe shi da hoda, ya ja baya ya duba. A'a, wannan bai kai amarya ba. Ya zana masa idanu da kwalli a jikin tankin fetur, ya goga masa janbaki a bakin tankin, ya juye masa turare, ya ɗauko mayafin Hansai na zuwa biki ya lulluɓa masa. Shekarau ya gaji da jira, ya ƙwala kira.

"Ina injin?"

"Tana ɗakin Inna, Yaya. Kunya take ji."

Da Hansai ta dawo ta ga kwandonta wayam, ranar dai dariya ba ta zo mata da wuri ba. Ta bi Anaruwa da tsintsiya har zaure tana cewa, "Ni za ka yi wa kishiya da ƙarfe, mijin banza?" don tsakaninta da ƙanin miji dama wasa ne, ko faɗa suke sai wasan ya leƙo. Aka cire mayafi, aka tashi injin. Hodar ta jiƙe a gindin murfin mai, ta jiƙe a gefen marfin kan injin, ta jiƙe ta ƙasa. Ɓaraka ba ɗaya ba ce ke nan. Shekarau ya sake kiran Mati, Mati ya ce wataƙila notina ne suka saki.

Wata rana mai ɗori ya zo duba ƙafa. Kafin a fara murza shi, Shekarau ya ce, "Anaruwa, ka ga notinan da ke kewaye da kan injin nan? Ka ɗaure su tamau, kada ka bar ko ɗaya." Anaruwa ya zagaya gida neman abin ɗauri. Igiyar guga ta yi kauri, zaren Inna ya yi siriri. Sai idonsa ya faɗa kan turken awaki, ga igiyoyi masu kyau suna zaman banza a ƙafafun dabbobi. Ya kwance su duka. Ya zauna ya bi notina ɗaya bayan ɗaya yana yi musu zarge, ya ja da haƙori, ya ƙulle, ya haɗa bakin igiyoyin ya ɗaure a jikin turmi don kada wani noti ya gudu. Yana cikin share gumi ya ji salatin Inna daga bayan gida. Awaki sun shiga ɗan lambunta, sun gama da yakuwa, sun kama kuɓewa, uwar garken ma ta tsallaka gonar maƙwabci tana gaisawa da masara.

"Wa ya kwance min dabbobi?"

"Ni ne, Inna. Notina sun fi su bukata."

Inna ta juya wajen rumfa. "Kai wancan, in za ka ba shi aiki ka riƙa tauna maganar kafin ka tofa masa!" Shekarau, da ƙafa a hannun mai ɗori da gumi a goshi, ya ce a miƙo masa sifana. Shi ya bi notinan da kansa ya matse. Aka tashi injin, aka zuba ido. Ɗigo ya taru, ya faɗo.

Wata rana, saboda yawan gwaji, man injin ya yi ƙasa. Mati, da yake shi tsoron fito yake, ya ba masu fito sabon mai a gora su ƙetaro da shi. Shekarau ya ce, "Maza je ka bakin rafi ka karɓo baƙin mai." Kafin ya rufe baki Anaruwa ya kai ƙofar gari. Mai fito ya miƙa masa gora, ya ɗaga ta a rana, sai ya ga abu garai-garai kamar zuma. Baƙi aka ce, wannan kuwa ko makaho ya shafa ya san ba baƙi ba ne. Ya kama hanya yana tafe yana tsayawa. In ya kai haka, ran Yaya zai ɓaci, ga shi dama ba lafiya gare shi ba. Da ya iso maƙera sai dabara ta faɗo masa. Ya roƙi garin gawayi, ya ɗura a gora, ya yi ta girgizawa har ya shigo gida.

"Yaya, sun yi kuskure sun aiko da ja, amma kada ka damu, na gyara."

Shekarau ya karɓi gorar, ya juya ta, ya ga gari na yawo a ciki kamar kunun da bai dahu ba. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye ta a hankali, ya rufe fuska da hula. Hansai ce ta yafa mayafi ta je gidan mai injin niƙa ta roƙo musu ɗan abin da za a zuba.

A cikin kwanakin nan ciyawa ba ta jira kowa ba. Ta wuce gwiwa, ta kai ƙugu, ta rufe hanyar famfo har mai tulu sai tulunta ake hangowa. Maciji ya sari jakin mai ruwa, kafin azahar jaki ya mutu. Wata mai goyo ta taka wutsiyar kububuwa, Allah Ya tsare, ta yar da bokiti ta dawo ba takalmi. Daga nan mata suka ce su da famfo sai an share hanya, suka koma ɗibar ruwan kududdufi, ciwon ciki ya fara zagaya gidaje. Mai'unguwa da kansa ya zo, ya zauna a bakin tabarma, ya yi wa Shekarau sannu.

"Ba mu manta da ƙoƙarinka ba," ya ce, "amma gari ba zai sha kududdufi saboda kara ba. In ranar kasuwa ta zo hanya ba ta buɗe ba, zan karɓi injin in danƙa wa wani, ya san yadda zai yi da shi."

Shekarau ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Amma Anaruwa ya ga yadda hannun yayansa ke murza gefen tabarma har kaba na tsinkewa.

Wata rana, ana gobe kasuwa, Shekarau ya yanka tsohuwar robar tayar keke ya yi wa murfin mai sabon zobe, ya ce wannan karon in Allah Ya so an dace. Anaruwa ya danne injin, Shekarau ya ja igiya, Mai-Bulala ya tashi yana kakkarwa kamar zai mutu.

"Ba shi wuta!" in ji Shekarau. "Maza, ba shi wuta!"

Anaruwa ya saki injin ya zura madafa. Kafin Hansai ta ce me ye haka, ya kwaso garwashi a kasko ya fito yana hurawa, ya nufi tankin fetur. Shekarau ya yi wata irin ƙara, ya kai wa kaskon duka da sandar dogarawarsa. Garwashi ya tarwatse, wani ya faɗa kan tsumman da ake goge mai, tsumma ya kama, wuta ta lashi zanan da ya kewaye rumfa.

"Kashe! Kashe!" Shekarau na ihu, yana nuna wuta da hannu ɗaya, yana nuna inji da ɗayan.

Anaruwa ya dubi wuta, ya dubi inji. A cikin su biyun injin ne ke motsi yana kuka, shi ne mai rai ke nan. Ya ji tausayinsa, amma Yaya ya yi umarni. Ya ɗauki taɓarya ya ɗaga sama da hannu biyu, ya ce, "Ka yafe ni." Hansai ta yi tsalle ta rataye a taɓaryar ta baya, Inna ta juye tulun ruwa a zana, Shekarau kuwa ya manta da karaya, ya dira da ƙafa ya faɗa kan injin ya danne makunninsa. Gida ya yi tsit, sai hayaƙi da tarin Inna. Rabin zana ya tafi, ɗori ya goce, kuma a ƙarƙashin injin ga ɗan tabon mai nan sabo, yana sheƙi.

Mai ɗori ya dawo ya gyara ƙafar yana faɗa, ya ce in aka sake haka ba ruwansa.

Wata rana, ita ce ranar kasuwar, gari ya waye Shekarau ya juya fuska ga bango. Aka kawo koko ya ce a ajiye. Anaruwa ya tsaya a kansa yana jiran aiki.

"Yaya, me zan yi?"

"Kada ka yi komai."

Wannan shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba shi. Ya je zaure ya dawo, ya leƙa turke ya dawo, yana kai-komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Da faɗan Yaya da shirun Yaya, ashe gara faɗan. Daga ƙarshe ya tsuguna gaban Mai-Bulala ya zuba masa ido. Wani guntun mai ya gangaro a gefen injin, ya sa bakin rigarsa ya share masa. Hansai ta zo wucewa da faifan tsaba a ka, ta gan su su biyu a tsugune, abin ya ba ta tausayi ya ba ta dariya.

"Har yanzu majinar yake? Mijina, injin nan naku mura ce ke damunsa. Da ka zuƙe masa hanci irin yadda ake yi wa jinjiri, da kowa ya huta."

Ta wuce abinta. Anaruwa ya ɗago kai. Yaya ya ce kada ya yi komai, amma matar Yaya ta zo daga baya, magana kuwa ta ƙarshe ake bi. Saura a nemo hanci. Inda ake zuba fetur baki ne, wannan ba musu. Inda hayaƙi ke fita, to, kowa ya san sunan wurin. Ya shafa gefe ya ci karo da wani ɗan akwatin roba mai ɓallen kusurwa, ya buɗe, ya tarar da soso a ciki, a bayan soson kuma bakin wata siririyar roba da ta taho daga kan injin. Ƙofa ɗaya tak. Allah sarki, hanci guda gare shi, shi ma ga yadda ya cushe. Ya zaro bakin robar ya hura, iska ta ƙi wucewa.

"Ashe! Da me kake numfashi, bawan Allah?"

Ya kafa baki ya zuƙa. Shiru. Ya gyara tsugunno ya sake zuƙa, kumatu suka lotsa, jijiyoyin wuya suka miƙe, idanu suka firfito. Sai ji kake fut! Wani dunƙule ya ɓalle ya daki maƙogwaronsa, ɗacin mai ya biyo baya. Anaruwa ya faɗi yana tari yana birgima, yana tofar da baƙin yawu da ɓarɓashin ƙasa. Inna ta fito da salati tana cewa Auta ya sha guba, a kawo nono. Shekarau ya juyo daga bango.

Ana cikin wannan aka yi sallama. Mati bakanike ne, wando a naɗe har gwiwa, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ruwan rafi ya ja da asuba, ya samu ya ƙetaro. Ya dubi Anaruwa da ake ɗura wa nono, ya dubi robar da ke reto, ya tsuguna ya tona abin da aka tofar da tsinke. Busasshen laka ne, a cikinsa 'yan matattun tsutsotsi.

"Gidan zanzaro," ya ce. Ya ɗaga robar ya hura, iska ta wuce sumul. "Shekarau, ka ga wannan? Ta nan injin ke fitar da iskar cikinsa. Zanzaro ya bi ta ɓallen akwatin nan ya yi gini a ciki tun injin na ajiye. Iska ta rasa hanya, sai ta riƙa turo mai ta duk inda ta samu sarari. Ko shekara za ku yi kuna matse noti ba zai daina ba. Ni da na taho da niyyar farke shi gaba ɗaya. Wa ya ce a duba nan?"

Anaruwa ya goge nono a gemu ya nuna Hansai. "Ita ta gano mura ce."

Hansai ta gyara ɗaurin zani. "To, ai dama mu mata mun san ciwon yara," ta ce.

Mati ya mayar da roba, ya goge injin tas, ya cika mai daidai tsinke, ya ja igiya. Mai-Bulala ya tashi da wata murya sabuwa, wasai. Aka shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashinsa, kowa ya sunkuya, har Inna. Aka jira, aka ƙara jira. Tsumma na nan fari fat.

Shekarau ya ja dogon numfashi. Ya kira Anaruwa, ya rataya masa injin a kafaɗa da hannunsa, ya tauna maganarsa sosai kafin ya fitar. "Ka ga wannan ɗan maɓallin? Danna shi da yatsa. Ka riƙa kaɗa bakin injin dama da hagu a kan ciyawa. Ciyawa kawai. In ka isa famfo, ka tsaya."

Ranar ƙafafun Anaruwa suka samu abin da suka daɗe suna nema. Ya shiga fadama Mati na biye da shi da sanda, ciyawa na zubewa gaba gare shi, macizai na sulalewa suna neman wani gidan. Kafin la'asar hanya ta buɗe fetal. Mai'unguwa da ya taho karɓar inji ya tsaya a bakin fadama, ya ga mata sun jeru da bokitai suna bin bayan Anaruwa, ya juya ya tafi cin kasuwarsa.

Da suka dawo gida, Mati ya zauna kusa da Shekarau ana shan fura ana maida labari. Anaruwa ya jira injin ya huce, ya shiga ɗakinsa ya fito da bargonsa da hular sanyi. Ya kwantar da Mai-Bulala a kan tabarma, ya kifa masa hular, ya naɗe shi da bargo tun daga kai har gindi, ya cusa gefe-gefe don kada iska ta samu ƙofa.

"Kai kuma me ye haka?" in ji Shekarau.

"Wanda ya tashi daga mura ba a barinsa a sanyi, Yaya."

Shekarau ya ɗaga sanda zai yi magana, Mati ya riƙe masa hannu.

"Ƙyale shi. Kullum in ya huce a lulluɓe shi haka. Zanzaro ba ya ratsa bargo."

Hansai ta fashe da dariya har fura ta sarƙe ta. Anaruwa ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe, fuskarsa ba alamar wasa.

"Matar Yaya, a rage murya. Mai jiki ya samu barci."